Shago a intanet: Kada garin neman gira a rasa ido

Duk wanda ya ratsa Ɗan Kassari ranar kasuwa, a kan babban titin nan da ya taso daga Yamai ya bi ta Doso da Dogon Dutsi ya miƙe zuwa Birnin Ƙonni, zai ga abin da in da shekaru ashirin da biyar da suka wuce aka ba shi labari ba zai yarda ba. Mai wake na tsugune gaban buhunsa, hannu ɗaya riƙe da tiya, ɗayan kuma ya kara salula a kunne yana tambayar yadda farashi ya kwana a Ƙonni. Mai man gyada ta ajiye jarkarta a inuwa, ɗiyarta na ɗaukar hoton ƙuli-ƙuli domin ta aika wa wata Hajiya a Yamai. Dillalin tumaki kuwa ya riƙe ƙahon rago yana juya shi gaban waya, domin mai saye da ke can nesa ya ga tsayinsa da ƙibarsa. Masu iya magana sun ce zamani riga ne, kuma babu shakka kasuwannin ƙasar Arewa sun sa tasu.

To amma kowace riga da irin ƙwarƙwatarta. Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana a yau shi ne wani kira da wata baiwar Allah ta yi mana a cikin shirin rediyo da muke gabatarwa kan harkokin kasuwa. Ita ce ke riƙe da asusun wata ƙungiyar mata masu tatsar man gyada a wani ƙauye na wannan yanki. Ta ce wani saurayi ya zo musu daga birni da kwamfuta a jaka, ya nuna musu hotuna masu ƙyalli, ya ce zai buɗe musu shago a intanet wanda mutanen Faransa da Amurka za su riƙa sayen mansu. Suka kwashe jika 150 daga kuɗin adashinsu, wato sefa 150,000, suka ba shi. Shagon ya buɗu, da faransanci, da hoton wasu kwalabe waɗanda ba nasu ba. Shekara ta zagayo ba a sayi ko ludayi ɗaya ta nan ba, sai kuma aka wayi gari shafin ya ɓace. Da suka neme shi sai ya ce ai kuɗin haya ne ya ƙare, su sake kawo wasu. Tambayar da ta yi mana ita ce: “Malam, shin intanet ɗin ne ƙarya, ko kuwa mu ne aka raina?”

Amsarmu ita ce, inna, intanet ba ƙarya ba ne, amma an sayar muku da abin da ba ku bukata, kuma ba a gaya muku gaskiyar yadda yake ba. Wannan jarida na ganin ya zama wajibi a yi wa ’yan kasuwa bayani dalla-dalla, domin irin wannan ciniki na biri a sama ya fara yawa, kuma kuɗin da ke salwanta kuɗin gumi ne, na matan da suka kwana suna suyar gyada.

Da farko dai ya kamata a san cewa amfanin waya ga ɗan kasuwa ba sabon labari ba ne a ƙasar nan. Salula ta shigo Nijar a 2001, kuma wata masaniyar tattalin arziki da ta taɓa koyarwa a jami’ar Tufts da ke Amurka, Jenny Aker, ta bi diddigin kasuwannin hatsi na ƙasar daga 2001 zuwa 2006. Abin da ta gano shi ne, a inda rezo ya isa, bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Dalili kuwa a fili yake: wanda da sai ya biya kuɗin mota ya je ya gano farashi da idonsa, yanzu kira ɗaya ya ishe shi. A lura fa, wayoyin wancan lokaci ba su da hoto, ba su da intanet. Abin da ya kawo riba shi ne labari na gaskiya da ya zo a kan lokaci. Har gobe kuma wannan shi ne ma’aunin da za a auna duk wani sabon abu da aka zo da shi: shin yana kawo mai saye, ko yana rage ɗawainiya? In bai yi ko ɗaya ba, to ado ne kawai.

Sai mu zo kan shafin intanet, wanda ake ce wa shago. Abin da ba a gaya wa waɗancan mata ba shi ne, shafi haya ake yi, ba saye ba. Abu biyu ake biya, kuma galibi duk shekara: sunan shafin, wato adireshinsa, da kuma wurin da ake ajiye shi a cikin manyan kwamfutocin wani kamfani. Ranar da aka daina biya, ranar ake rufe ƙofa, kamar dai rumfar kasuwa. Bayan haka, shafi ba ya kiran kowa da kansa. Wanda ya gina butiki a tsakiyar daji, komai kyan fentinsa, sai ya share hanya ya kuma yi shela kafin a san da shi. Sannan a tambayi kai: wa ke sayen kayana? In masu sayen man gyadarki matan Dogon Dutsi ne da na Yamai, waɗanda rayuwarsu a waya ta tsaya ga WhatsApp da Facebook, me zai kai su wani shafi na faransanci? Shi kuwa Bature da aka yi muku alkawarinsa, ko da ya gani ya yi sha’awa, abinci ba ya shiga ƙasarsa sai da takardun gwaji da na kwastan, waɗanda ƙaramar ƙungiya ba ta da su.

Ba mu ce shafi ba shi da rana ba. Babbar ƙungiyar manoman dankalin turawa a Dogon Dutsi, wadda ke neman hulɗa da manyan ’yan kasuwa ko masu ba da tallafi, tana iya bukatarsa, domin irin waɗannan mutane sukan bincika kafin su amince. Amma ko a nan, akwai tambayoyi huɗu da za a yi wa mai ginawa kafin a miƙa masa ko dala. Da sunan wa za a yi rajistar adireshin? Wa zai riƙe lambobin sirri? Nawa za a riƙa biya kowace shekara, kuma ga wa? Idan farashi ya canza, mu da kanmu za mu iya gyarawa daga waya, ko sai mun nemo ka? A rubuta amsoshin a takarda gaban shaidu, a biya rabi, sauran sai aiki ya kammala. Duk wanda ya ƙi wannan sharaɗi, ya riga ya gaya muku ko shi wane ne. A kuma sani cewa akwai wuraren da ake gina ƙaramin shafi kyauta, irin su Google Sites da Blogger da WordPress, waɗanda ɗan makarantar da ya yi haƙuri zai iya koya cikin ’yan kwanaki.

To mene ne ya fi dacewa da mai ƙaramin jari? Na farko shi ne WhatsApp Business, wanda aka fito da shi a 2018, kuma kyauta ake sauke shi. Kamar WhatsApp ɗin da aka saba yake, sai dai yana da wurin rubuta sunan sana’a, da garin da ake, da lokacin buɗewa, yana kuma da kundin kaya inda ake jera hotuna kowane da farashinsa. Mai saye zai buɗe ya duba ba tare da ya yi ta tambaya ba. Ana iya yi wa mutane alama: wannan ya biya, wannan ana bin sa bashi, wannan kayansa na hanya. Akwai kuma wurin nan da ake ɗora hoto ya yini ya kwana, awa 24, duk wanda kuka ajiye lambar juna ya gani. Wannan shi ne tallan zamani. Yarinyar da da za a ɗora wa faranti ta zaga gari cikin rana, ga haɗarin hanya ga rashin zuwa lakkwal, yanzu hoto ne zai yi zagayen, ita kuma ta zauna aji.

Na biyu shi ne murya. Mun san da yawa daga cikin iyayenmu mata ba su yi boko ba, kuma wasu kan ɗauka wannan ya fitar da su daga sha’anin. Sam ba haka ba ne. Mu da muke aikin rediyo mun fi kowa sanin ƙarfin murya, kuma saƙon murya ya fi dogon rubutu shiga kunnen Bahaushe. Abin da muke koya wa masu kawo mana sanarwa shi za mu faɗa a nan: a yi sallama, a faɗi suna da gari, a faɗi kaya, a faɗi awo da farashi, a faɗi yadda za a same shi, a yi shiru. Rabin minti ya isa. Mai sauraro kuɗin kiredi yake ƙonawa, ba zai tsaya jin tarihin gidanku ba. Ƙungiyar RECA, wadda ta haɗa majalisun manoma na jihohin ƙasar nan, ta gane haka tun 2017, lokacin da ta buɗe cibiyar amsa tambayoyin manoma ta waya da ta WhatsApp cikin harsunan gida, har da Hausa da Zabarmanci, inda manomi zai aika hoton ganyen da ya lalace a amsa masa da murya. Haka kuma a 2009 da 2010 an gwada haɗa yaƙi da jahilci da koyon salula a ƙauyukan jihohin Doso da Damagaram, aka ga waɗanda aka koya wa da waya sun fi riƙe karatu da lissafi. Ashe ita kanta wayar allo ce ga mai niyya.

Na uku shi ne hoto, domin gani ya kori ji. Ba sai da babbar waya ba. A goge idon kamarar da gefen zane, a fita waje da hantsi ko da la’asar lokacin da rana ba ta da zafi, a shimfiɗa tabarma mai tsabta ko farin ƙyalle, a kau da takalma da kwanukan wanke-wanke daga bayan kayan. A ajiye wani abu da kowa ya san girmansa kusa da kayan, kamar tiya ko kwalbar lita, domin mai kallo ya gane yawansu. Idan rago ne, a ɗauki gajeren bidiyo yana tafiya, a nuna haƙoransa. Amma babban sharaɗi shi ne hoton ya zama na kayanka ne, na yau. Wanda ya ɗauko hoton dankalin wani ya sa, ya aika da nasa ƙanana, ya ci riba sau ɗaya ya kashe kasuwarsa, domin ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a waya labarin cuta ya fi na alheri gudu.

Na huɗu shi ne suna da tambari. Kayan da ba su da suna, in sun yi kyau dillali ke shan yabo, in an so a ƙara saye ba a san inda za a nufa ba. Ƙaramar takarda da aka manna a jikin jarka, mai ɗauke da sunan ƙungiya, da gari, da lambar waya, da ranar da aka tatsi man, ta fi shafin jika 150 amfani. Akwai manhajar Canva, wadda ke da ɓangaren kyauta, inda ake tsara irin wannan takarda da allon talla a cikin waya, sai a kai wa mai buga takardu a Dogon Dutsi ya fitar. Akwai CapCut ta yanka bidiyo. Akwai Gboard, wadda ke da haruffan Hausa masu lanƙwasa, domin kada a rubuta “kuli” a maimakon “ƙuli”. Shawararmu ga masu tsarawa ita ce su rage kwalliya: launi biyu, rubutu manya, farashi a fili, lambar waya inda ido zai fara sauka. A tuna cewa mai kallo a ƙaramar waya yake gani, sau da yawa mai fasasshen gilashi, cikin hasken rana. Darajar suna kuwa ba wasa ba ce. Albasar Galmi da kilishin Nijar sunansu ne ke sayar da su tun daga nan har bakin teku, har ta kai an yi musu rajista a hukumar OAPI da ke Yawunde domin kada wani ya ci da sunan. Me zai hana waken Arewa da dankalin Dutsi su yi irin wannan suna?

Mai butiki ko mai gyaran babur da ke bakin babban titi yana da wata dama ta daban, ita ce ya sa wurinsa a taswirar Google, shi ma kyauta ne. Matafiyin da tayarsa ta fashe tsakanin Dutsi da Ƙonni wayarsa yake dubawa. Facebook da TikTok kuma suna da amfani ga mai son a san shi nesa, musamman teloli da masu lalle da masu kayan ɗaki. Sai dai muna gargaɗi da babbar murya game da masu cewa a biya su su kawo mabiya dubu goma. Waɗannan mabiya inuwa ce, ba sa cin ƙuli-ƙuli. Mutum hamsin da suka san ki, suka taɓa saye suka ji daɗi, sun fi dubu goma da ba su san inda Ɗan Kassari take ba.

Yanzu sai maganar kuɗi, wadda nan ne gizo ke saƙa. Hanyoyin aika kuɗi sun yawaita, daga Nita da Amana da Al Izza zuwa Airtel Money da makamantansu, kuma sun sauƙaƙa ciniki ƙwarai. Amma ɓarayi ma sun koyi zamani. Wani zai aiko da hoton rasit ko saƙon da ke cewa an tura kuɗi, yana gaggauta ki ki ɗora kaya a mota. Hoto ba kuɗi ba ne. Kada kaya su bar hannu sai an ga kuɗin a asusu da ido, ko an karɓo su a hannu. Wani zai kira ya ce ya yi kuskuren turo miki kuɗi, ki mayar masa, alhali bai turo komai ba. Wani kuma zai ce an aiko miki da wasu lambobi shida, ki karanto masa. Waɗannan lambobi su ne mabuɗin WhatsApp ɗinki. Ranar da kika faɗa, ranar zai shige rigarki ya bi abokan cinikinki ɗaya bayan ɗaya yana roƙon kuɗi da sunanki. Babu wani kamfani da ke tambayar lambar sirri ta waya. A sa ɗa ko ƙane ya kunna miki tabbaci mai mataki biyu a cikin WhatsApp, aikin minti biyu ne, kuma rigakafi ya fi magani. Tun 2019 ƙasar nan ke da dokar hukunta masu laifi ta intanet, don haka wanda aka cuta ya ajiye saƙonnin ya kai ƙara, kada kunya ta sa ya yi shiru a cuci na bayansa.

Mu da ke zaune kusa da iyaka muna da ƙarin abin lura. Cinikinmu da ’yan uwanmu na Kabi da Sakkwato daɗaɗɗe ne, kuma kuɗi biyu ke yawo a kasuwanninmu. Tun da darajar naira ta faɗi ƙwarai a 2023, kuskuren rashin faɗin irin kuɗin da ake nufi na iya cinye ribar mako guda. Don haka duk farashin da aka sa a faɗa ƙarara, sefa ne ko naira, kuma na yau ne. A faɗi awo ma, domin tiyar wani gari ba ta wani ba ce. Wanda ke da sikeli ya faɗi kilo. A yi magana kan wanda zai biya kuɗin mota, da wanda zai ɗauki hasara in jarka ta fashe a hanya, tun kafin kaya su tashi. A ɗauki hoton kayan a tasha, da lambar direba, a aika wa mai saye. Sannan saboda halin tsaro da ake ciki a yankunan iyaka, ba hikima ba ce mutum ya riƙa nuna damman kuɗi, ko cikin rumbunsa, ko ranar da zai yi tafiya. A nuna kaya, a ɓoye dukiya.

Kada kuma a zuba ƙwai duka a kwando ɗaya. Idan ba a manta ba, a ƙarshen watan Fabrairu zuwa farkon Maris na 2021 an yanke intanet na salula a ƙasar nan har kimanin kwana goma bayan zaɓe. A ranar 4 ga Oktoba na wannan shekarar, Facebook da WhatsApp sun ɗauke a duniya baki ɗaya na kusan awa shida. Iyakar Nijeriya ta rufe daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, ta sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Waya kuma kan faɗa rijiya, ko a sace ta a cunkoson kasuwa. Wanda duk abokan cinikinsa na cikin waya ne kawai, ranar da ta tafi ya koma farko. Littafin jika ɗaya da biro su ne maganin wannan: suna, gari, lamba, abin da ya saba saye, bashin da ke kansa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Muna so mu juya kan samarinmu masu ilimin kwamfuta, waɗanda ke mafarkin kafa kamfani. Ba ma gaba da ku, ku ne abin alfaharinmu, kuma muna son ku ci abinci da iliminku. Amma ku dubi misalin Abdou Maman Kané, ɗan ƙasar nan da ya ƙirƙiro hanyar ban ruwan lambu ta salula, har ya ci babbar kyautar ruwa ta duniya mai sunan Sarki Hasan na Biyu a 2015. Daga wahalar mai lambu ya faro, sannan ya nemo dabara. Da yawa daga cikinku kuwa dabarar kuke fara kwafowa daga waje, sannan ku zo neman wanda za ku ɗora wa. Kafin ka rubuta layi ɗaya a kwamfuta, ka zo ka yini a kasuwar Ɗan Kassari, ko ta Matankari, ko ta Koren Mairuwa. Ka zauna kusa da mai wake ka ga abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya. Wataƙila ka tarar ba shafi yake nema ba, hanyar ajiye waken ne kada ƙwari su cinye kafin farashi ya tashi, ko motar da za ta haɗa kayan mutum biyar ta kai Yamai. Abin da ka gina kuma ya zama mara nauyi, mai buɗewa ko rezo ya yi rauni, mai magana da Hausa, mai aiki da murya. Ka gwada shi a hannun mahaifiyarka; in ta kasa, ba ita ta kasa ba, kai ne.

Wuraren neman taimako kuma akwai su. Cibiyar CIPMEN da aka buɗe a Yamai a 2014 an kafa ta ne domin rainon ƙananan kamfanoni. Maison de l’Entreprise, da ke ƙarƙashin majalisar ’yan kasuwa ta ƙasa, ita ke yi wa sana’a rajista a ba ta lambar haraji. Gidauniyar Tony Elumelu ta Nijeriya ta fara tun 2015 tana horar da matasan Afirka tare da ba waɗanda aka zaɓa jarin dalar Amurka 5,000, kuma neman shiga kyauta ne, duk wanda ya ce a biya shi kuɗin fom ɗan damfara ne. YouTube cike yake da darussan tsara hoto da gina shafi, da faransanci da Hausa. Sannan akwai sana’a ta halal a ƙofar gida: saurayin da zai zaga rumfuna ranar kasuwa ya ɗauki hotuna masu kyau, ya jera wa mutane kundin kaya, ya tsara musu takardar manna wa jarka, ya karɓi ɗan abin da ya sawwaƙa a kan kowane aiki, zai fi samun albarka da ɗorewa a kan wanda ya kwashe asusun ƙungiya ya kashe waya.

Ga iyayenmu mata kuwa, ƙarfinku na cikin haɗin kanku. Tsarin Mata Masu Dubara da aka faro a jihar Maraɗi a 1991 ya bazu har ƙasashe da dama suna kwaikwayo, domin ya tabbatar da cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ba dole kowace mace ta sayi babbar waya ba. Ƙungiya ta sayi ɗaya, layin ya kasance da sunan wadda aka amince da ita, a rubuta haka a littafin ƙungiya, a zaɓi yarinya mai karatu ta riƙa kula da saƙonni, ana duba lissafi a taron mako. Muna kuma roƙon maigida ya ba da goyon baya. Matar da ke ciniki daga cikin ɗakinta da mutuncinta, ribar a tukunyar gidanka za ta ƙare.

Daga ƙarshe muna kira ga hukumomi. Ofisoshin magadan gari na Ɗan Kassari da Dogon Dutsi da Tibiri, waɗanda ke karɓar kuɗin rumfa duk ranar kasuwa, ya kamata su mayar da wani abu: rumfa ɗaya mai faifan hasken rana inda za a yi cajin waya, da zaman koyarwa ko sau ɗaya a wata, da Hausa. Kamfanonin waya su tuna cewa da an bar bakin kwalta rezo ke fara ɗaukewa, kuma a can ƙauyukan ne ake noma abin da ake sayarwa. Hukumar ARCEP da ke sa musu ido ta matsa musu a kan haka da kuma tsadar intanet. Starlink da ta fara aiki a ƙasar nan a 2025 na iya kai intanet inda babu eriya, amma kuɗinta ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai dai ƙungiya ko hukuma. Gidajen rediyo, har da namu, mu ma da laifinmu: mun fi ba gaishe-gaishe lokaci a kan farashin kasuwa da faɗakarwa kan ’yan damfara. Mun ɗauki alkawarin gyarawa.

Ita kuwa waccan baiwar Allah da ta kira mu, jika 150 dai sun tafi, Allah ya mayar da alheri. Amma mansu na nan da kyansa, kuma waya na hannunsu. Su wanke jarka, su manna suna, su ɗauki hoto da hantsi, su aika wa mutum goma da suka taɓa saye. Ciniki tun kaka da kakanni amana ce da cikar mudu, waya dai ta ƙara masa nisan zango ne kawai. Allah ya sa albarka a kasuwanninmu, ya kare mu daga sharrin macuta, amin.